Furen Da Aka Raɗa Wa Sunan Kuɗin Cizo: Tarihin Coreopsis Da Rikicin Gidansa

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurari sautin ba, da kuma waɗanda suka fi jin daɗin karantawa.

Yau ma tarihi za mu yi, amma babu sarki a ciki, babu yaƙi. Tarihin wani fure ne. Na san wani zai ce, "Fure kuma? Da duk abin da ke damunmu?" Ka daure ka bi ni har ƙarshe. Wannan furen ya shafe sama da shekara 270 yana ba masana ciwon kai. An ba shi sarauta a Amurka, an kafa masa doka a Japan, kuma a tsakiyar labarinsa akwai wani Bature da ya mutu a bakin kogin Kwara, da wani malami ɗan Habasha da ya gyara kuskuren da ya fi shekara 100 yana zaune a littattafai.

Sunansa a wurin masana tsirrai Coreopsis. Masu jin Ingilishi suna ce masa tickseed, ma'ana mai iri kamar kaska. Shi kuwa Coreopsis ɗin daga Girkanci aka haɗo shi: koris shi ne kuɗin cizo, opsis kuma kamanni. Wato dai "mai kama da kuɗin cizo". Ga fure kyakkyawa, ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido, wani da jan zobe a tsakiya, amma aka rasa sunan da za a ba shi sai na ƙwaron da ke hana mutane barci. Dalili shi ne wanda ya raɗa sunan ƙwayar irin ya duba: 'yar ƙarama ce, baƙa-baƙa, shimfiɗaɗɗiya, ta ɗan lanƙwasa, wani lokaci da 'yan ƙahoni biyu a ka. In aka zuba maka su a tafin hannu sai ka ji kamar ka kakkaɓe. Ku riƙe maganar ƙwayar irin nan da kyau, don kusan duk rigimar da za mu ji a kanta aka yi.

Asalin Coreopsis nahiyar Amurka ce, tun daga Kanada har tsaunukan Andes na Kudancin Amurka. A lissafin da aka daɗe ana amfani da shi, nau'o'insa sun kai 70 zuwa 80. Danginsa kuwa babba ne, ana kiransa Asteraceae, kuma yana cikin dangogi biyu mafiya girma a duniyar tsirrai masu fure, da nau'o'i fiye da 20,000. Kar sunan ya ba ku tsoro, kun san 'yan dangin sarai. Shuwakar da ake miya da ita 'yar dangin ce. Latas ɗin da ake yanka wa a salak ɗan dangin ne. Haka tazargade, haka kashin yawo da ke soke ƙafar yara a bayan gari, haka babban furen nan mai faɗin faifai da ake tatsar mai daga irinsa.

Me ya haɗa shuwaka da latas da Coreopsis? Wata dabara ce guda ɗaya. Abin da kake gani ka ce fure ɗaya ne, taron furanni ne da yawa da suka zauna a kan kai ɗaya. Ɗauki Coreopsis ka duba. A gefe akwai faffaɗan harsuna masu launi, yawanci guda takwas, bakinsu a tsattsage kamar an yanka da almakashi. Kowane harshe fure ne mai zaman kansa, kuma a yawancin nau'o'in ba ya haihuwa. Aikinsa talla ne kawai, ya jawo ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi daga nesa. Masu aikin gaske suna tsakiya: ƙananan furanni masu siffar bututu, a cunkushe, kowanne da sashen namiji da na mace. Sassan namijin guda biyar ne, sun manne da juna sun zama zobe, suna zuba garin fure a cikinsa, sai sashen macen ya tsiro ta tsakiya ya turo garin waje, kamar yadda ake tura ruwan allura a sirinji. Ba sa buɗewa lokaci ɗaya. Na bakin da'ira ne ke farawa, a yi ta shiga ciki kwana bayan kwana, don haka ƙwaro zai yi ta dawowa kai ɗaya yana samun sabon abinci. Kowane ƙaramin fure kuma ƙwaya ɗaya tak yake bayarwa. In ka juya kan ka dubi ƙasansa, za ka ga 'yan ganyayyaki sahu biyu sun tallafe shi, na waje sirara a buɗe, na ciki masu faɗi a rungume. Wannan sahu biyun na daga cikin alamomin da ake gane Coreopsis da makusantansa da su.

To, wa ya raɗa sunan?

Wani likita ne kuma malamin jami'a a garin Uppsala na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, wanda aka haifa a 1707 ya rasu a 1778. Kafin shi, sunan tsiro a wurin masana jimla ce doguwa ta Latin mai bayyana ganyensa da furensa, kuma kowane malami da irin tasa. A 1753 ya fitar da littafinsa Species Plantarum, inda ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu. Mu ɗauke shi kamar sunan gida da sunan yanka. Kalmar farko sunan gida ce, ta biyu sunan yanka. Coreopsis lanceolata, misali, ɗan gidan Coreopsis ne mai ganye kamar tsinin mashi. Har yau masana sun yarda cewa daga wannan littafin ake fara lissafin sunayen tsirrai masu fure a hukumance.

Abin lura shi ne Linnaeus bai taɓa taka ƙasar Amurka ba. Busassun tsirrai ake aiko wa Turai a matse cikin takardu, wasu kuma ya gan su an shuka a lambunan masu kuɗi. Wani ma'aikacin kotu a Virginia, John Clayton, ya yi shekaru yana tura samfura zuwa Holan, kuma ɗalibin Linnaeus ɗin, Pehr Kalm, ya yi yawon tattara tsirrai a Arewacin Amurka daga 1748 zuwa 1751. Da irin wannan kayan ya gina gidan Coreopsis.

A cikin littafin nan dai ya kafa wani gida maƙwabci, Bidens. Ma'anar sunan "mai haƙora biyu", saboda ƙwayar irinsa na da ƙayoyi a ka, su kuma ƙayoyin suna da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya. In ka ratsa ciyawa ka fito ka ga wasu baƙaƙen tsinkaye sirara sun maƙale maka a wando da safa, ka gamu da Bidens pilosa, wanda shi ma asalinsa Amurka ne amma yanzu ya cika ƙasashe masu zafi har da namu. Yadda Linnaeus ya raba gidajen biyu ya dogara sosai ga harsunan tallan nan: mai harsunan da ba sa haihuwa ya tafi Coreopsis, marar su ya tafi Bidens.

Tun a ranar farko katangar ta tsage. Akwai wani tsiro na fadamun Turai da wani lokaci yake fitar da harsunan, wani lokaci ba ya fitarwa. Linnaeus ya rubuta marar harsunan a matsayin Bidens cernua, mai harsunan kuma ya kira shi Coreopsis bidens. Tsiro ɗaya, gida biyu, a littafi ɗaya. Wani kuma da ya kira Coreopsis alba, a 1836 masanin Suwizalan de Candolle ya ɗauke shi ya mayar Bidens, can yake har yau. Wani da ya kira Coreopsis alternifolia ma ba a unguwar yake ba, yanzu yana gidan Verbesina. Kun ga tun wurin kafa harsashi an shigo da baƙi cikin gida.

Mu tsallaka zuwa 1819. Wani Baturen Ingila, Thomas Nuttall, wanda asalin sana'arsa buga littattafai ce kafin son tsirrai ya ɗauke shi, ya kutsa yankin Arkansas har cikin ƙasar da yau ake kira Oklahoma. A filayen ciyawa na can ya ga wani Coreopsis mai launi biyu, gefe rawaya, tsakiya ja mai duhu. A 1821 ya bayyana shi a Philadelphia da sunan Coreopsis tinctoria. Kalmar tinctoria na nufin "na marina", wato wanda ake rini da shi.

Littattafai za su ce maka Nuttall ne ya gano shi. Amma mutanen da ke zaune a nahiyar tun kafin zuwan Turawa sun riga sun san shi. Ƙabilar Zuni ta jihar New Mexico suna dafa furen su fitar da jan rini mai duhu na zare, kuma suna yin abin sha mai zafi da tsiron kafin fatake su kawo musu kofi. Wata mai bincike, Matilda Coxe Stevenson, ta rubuta wannan a rahotonta na 1915. Shi kuwa yankin da Nuttall ya tsinko furen, shekara 11 bayan tafiyarsa, a 1830, gwamnatin Amurka ta yi dokar kwashe ƙabilun asali daga gabas, aka koro dubbansu zuwa can, da yawa suka mutu a hanya. Furen ya samu sunan Latin da gurbi a lambunan Turai a daidai zamanin da ake raba mutanen nahiyarsa da ƙasarsu.

Maganar rinin nan tana da bayani. A cikin harsunan furen akwai wasu sinadaran launi da ke zama rawaya a yadda suke, amma da zarar sun haɗu da abu mai kaifin kanwa ko ruwan toka sai su juya ja. Saboda haka daga fure ɗaya marini zai iya fitar da rawaya, ko ruwan lemo, ko ja mai duhu, gwargwadon abin da ya zuba a tukunya. Har yau masu rinin gargajiya a ƙasashe da dama suna shuka shi domin wannan.

Da irin ya isa Turai sai ya samu karɓuwa, amma sunan ya zama matsala. Cikin shekarun 1820 wani masanin Jamus, Ludwig Reichenbach, ya ware shi ya ba shi sabon gida, Calliopsis, ma'ana "mai kyan gani". Daga baya masana suka rushe wannan gidan suka mayar da shi Coreopsis, amma masu sayar da iri suka riƙe Calliopsis, har yau za ka gan shi a jikin fakiti. Ai ba wanda zai so ya tallata wa mai lambu kuɗin cizo.

Yanzu mu zo Afirka, inda labarin ya fi shafarmu.

A ƙarni na 19 Turawa masu tattara tsirrai suka bazu a nahiyar nan. Wani Bajamushe, Wilhelm Schimper, ya shiga Habasha cikin shekarun 1830, ya zauna a arewacin ƙasar har ya mutu a Adwa a 1878. Ya yi ta aika dubban samfura Turai. A cikinsu akwai furannin nan masu ruwan ɗorawa da ke lulluɓe tsaunukan Habasha a ƙarshen damina. Da masanan Turai suka buɗe takardun, suka ga ƙwayar irin shimfiɗaɗɗiya ce, da 'yan fukafukai a gefe, babu ƙugiyoyi masu kallon baya, sai suka ce ai wannan Coreopsis ne. Aka rubuta su haka.

A ɓangarenmu kuwa, a 1857 Birtaniya ta turo ayarin William Baikie ya hau kogin Kwara a jirgin ruwa mai suna Dayspring, Samuel Ajayi Crowther ma yana ciki. Jirgin ya daki dutse ya farfashe kusa da Jebba. Mai kula da tsirrai na ayarin, Charles Barter, wanda ya koyi aikin lambu a Kew da ke Landan, ya yi amfani da zaman jiran wajen tattara tsirran ƙasar Nufe da kewaye. Bai koma gida ba, a Rabba ya mutu a 1859. A 1877, da masanan Ingila Oliver da Hiern suka rubuta sashen wannan dangin a babban littafin tsirran Afirka, sai suka sa wa wani furen dajinmu suna Coreopsis barteri domin tunawa da shi. Haka aka ci gaba. Littafin tsirran Afirka ta Yamma na Hutchinson da Dalziel, wanda ya fito tsakanin 1927 da 1936, shi ma ya jera nau'o'in Coreopsis a matsayin 'yan ƙasa a yankinmu. Dalziel ɗin nan likita ne da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, kuma shi ne ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Wanda ya ɗaure wannan tsarin da igiya mai ƙarfi shi ne Earl Sherff, wani malami a Chicago. A 1936 ya fitar da cikakken nazarin Coreopsis mai nau'o'i fiye da 100, na Amurka da na Afirka a gida ɗaya, a 1937 kuma ya fitar da na Bidens cikin juzu'i biyu. Ma'auninsa ƙwayar iri ce: in tana da fukafukai kuma ƙayoyinta ba su da ƙugiya mai kallon baya, Coreopsis ce. In babu fukafukai kuma akwai ƙugiya, Bidens ce. Ma'auni ne mai sauƙi, kowa zai iya amfani da shi da ɗan madubin ƙara girma, shi ya sa ya daɗe.

Sai dai Bahaushe ya riga ya faɗa: kama da wane ba wane ba ne.

A shekarar da Barter ya mutu, 1859, Charles Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin nau'o'in halittu, kuma daga nan ma'anar "gida" a ilimin tsirrai ta fara sauyawa. A da, gida taron masu kama da juna ne. Daga baya masana suka ce dole 'yan gida su zama tsatso ɗaya, kaka ɗaya ya haɗa su. Matsalar ita ce buƙata iri ɗaya tana haifar da kamanni iri ɗaya ko babu zumunta. Dubi ƙarangiya. Tana maƙale wa tufafi da jikin dabba kamar yadda Bidens ke yi, amma ita ciyawa ce, 'yar dangin gero da dawa, ba abin da ya haɗa ta da shuwaka. Kowane tsiro yana neman hanyar da irinsa zai yi nisa da uwa. Wani ya samu ƙugiya ya hau akuya, wani ya samu fukafuki ya bi iska. Irin waɗannan siffofin suna iya ɓullowa sau da yawa a zuriyoyi daban-daban, su kuma ɓace sau da yawa. In ka gina gida a kansu, ka gina a kan yashi.

Tun cikin shekarun 1960 wasu masana da ke aiki kan tsirran Afirka suka fara shakkar tsarin Sherff, suka fara mayar da wasu nau'o'in Bidens. Wanda ya ɗauki aikin gaba ɗaya ya kai shi ƙarshe shi ne Mesfin Tadesse, malami a Jami'ar Addis Ababa. A 1980 jami'arsa da ta Uppsala suka fara aikin rubuta dukkan tsirran Habasha, aikin da bai kammala ba sai 2009. A ƙarƙashin wannan haɗin gwiwar Mesfin ya yi digirin digirgir a Uppsala a 1984. Ku lura da wurin: jami'ar Linnaeus ce, mutumin da ya raɗa sunan tun farko.

Furannin da ya yi nazari a kansu ba baƙi ba ne a wurinsa. Su ne Habashawa ke kira Adey Abeba. Suna buɗewa a watan Satumba in ruwan sama ya ɗauke, daidai sabuwar shekarar Habasha, Enkutatash, wadda ke faɗowa 11 ga Satumba a yawancin shekaru. 'Yan mata kan tsinko su su bi gida-gida suna waƙa, kuma da su ake ƙawata bikin Meskel a ƙarshen watan. Fure ne da kowane yaro a ƙasar ya sani, amma a littattafan kimiyya yana ɗauke da sunan gidan Amurkawa.

Bambancin Mesfin da waɗanda suka gabace shi shi ne ya ga tsirran a raye, a gonaki da gefen tsaunuka, da yawansu, sannan ya haɗa da samfuran da ke ajiye a ma'adanan busassun tsirrai na Turai. Wanda ke da samfur ɗaya ko biyu a kan tebur zai ga iyaka a fili. Wanda ya duba ɗaruruwa sai ya ga iyakar ta narke: wannan fukafukinsa mai faɗi, wancan siriri, na gaba babu ko kaɗan, kuma duk 'yan uwan juna ne ta sauran siffofi. A rubutunsa na 1984 da na 1986, da babban nazarinsa na Bidens na Afirka da ya fito a mujallar Kew a 1993, ya kafa hujjar cewa duk abin da ake kira Coreopsis a Afirka Bidens ne. Adey Abeba mafi shahara, wanda ake kira Coreopsis macroptera, ya koma Bidens macroptera, kuma in ka duba cikakken sunan a yau za ka ga "Mesfin" a ƙarshensa, alamar wanda ya yi gyaran. Furen Barter ma yanzu Bidens barteri ne. Yau masana sun tsaya a kan cewa babu Coreopsis ɗan asalin Afirka. Duk wanda ka gani a nan, shuka shi aka yi ko ya tsere daga lambu.

Da a ce fim ne, a nan za a rufe. Amma sai gwajin DNA ya shigo.

Mesfin ya koma Jami'ar Jihar Ohio a Amurka, inda ya yi aiki tare da Daniel Crawford, wanda ya daɗe yana nazarin Coreopsis. A 1999 su da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon kwatanta DNA na nau'o'in gidajen biyu. Abin da ya fito ya girgiza kowa: Coreopsis na Amurka ma ba tsatso ɗaya ba ne, Bidens ɗin ma haka. Wasu Bidens na ƙasashe masu sanyi sun fi kusa da wasu Coreopsis fiye da yadda suke kusa da sauran Bidens. A cikin wannan cakuɗar har da wasu gidaje na kusa irin su Cosmos, furen Mekziko da ake shukawa a lambuna ko'ina a duniya. Wato Mesfin ya yi daidai da ya fitar da na Afirka, amma gidan da ya kai su shi ma yana buƙatar gyara.

Daga nan masana suka kasu biyu, kuma wannan rabuwar tsohuwa ce a ilimin rarraba halittu. Akwai masu haɗewa, akwai masu rabewa. Masu haɗewa suka ce tunda an cakuɗe, a rushe katangun a yi babban gida ɗaya. A 2018 wasu masanan Italiya suka bi wannan hanyar, suka mayar da Coreopsis lanceolata kansa Bidens lanceolata a jerin tsirran ƙasarsu. Masu rabewa kuwa suka ce a'a, a fasa gidan zuwa ƙananan gidaje, kowanne tsatso ɗaya. A Kalifoniya an dawo da tsohon sunan da de Candolle ya ƙirƙira a 1836, Leptosyne, aka mayar wa nau'o'in can. A cikinsu akwai wani abin mamaki da ke tsibiran gaɓar tekun jihar, mai kauri kamar ƙaramar bishiya, wanda kan wuce tsayin mutum. Wasu na Mekziko kuma aka ba su gida mai suna Electranthera. Ƙa'idar ita ce, duk yadda aka raba gado, sunan Coreopsis yana zama ne a ɓangaren da lanceolata yake, domin shi aka ayyana a matsayin uban gida. Har yanzu ana kan wannan aikin, shi ya sa za ka buɗe littattafai biyu na zamani ka ga tsiro ɗaya da suna biyu.

To wani zai ce, duk wannan wahalar a kan suna, me ta ƙara wa talaka?

Mu je Japan. An kai Coreopsis lanceolata can cikin shekarun 1880 domin ado, daga baya aka yi ta shuka shi a gefen tituna da bakin koguna saboda yana da juriya kuma ba ya son wahala. Juriyar ce ta zama bala'i. Ya mamaye bakin koguna ya danne tsirran ƙasar. A 2006 gwamnati ta sa shi a jerin baƙin halittu masu ɓarna, aka haramta shuka shi da sayar da shi da ɗaukarsa a raye daga wuri zuwa wuri, kuma hukuncin karya dokar ya haɗa da tara mai nauyi har da ɗauri. Dokar da suna take aiki. Jami'in da bai iya bambance shi da ɗan uwansa ba, ko dai ya bar mai laifi ko ya kama marar laifi.

A can gidansa kuma daraja gare shi. A 1991 jihar Florida ta ayyana Coreopsis a matsayin furen dajin jiha, Mississippi ma ta yi haka, kuma ana shuka shi a gefen manyan hanyoyi domin ƙudan zuma da sauran ƙwari masu ɗaukar garin fure. A yankin Xinjiang na ƙasar Sin kuwa, furen Nuttall ɗin nan na marina ake nomawa a kan tsaunuka, a busar a sayar a matsayin shayi. Tsiro ɗaya abin alfahari ne a nan, abin farauta a can, abin sha a wani wurin. Duk wanda zai hana shi, ko ya kare shi, ko ya zuba shi a kofi ya ba mutane, dole ya san takamaimai wanne ne a hannunsa. Sanin zumunta kuma yana da nasa amfanin: in an samu wani sinadari mai amfani ko mai cutarwa a tsiro, wurin 'yan uwansa na jini ake fara nema. In taswirar zumuntar ba daidai take ba, sai a yi ta haƙa a inda babu ruwa.

Abin da ya fi tsaya mini a labarin nan shi ne yadda gyaran ya zo. Sama da shekara 100 manyan masana a Turai da Amurka suna maimaita abu ɗaya, kuma ba don ba su da ilimi ba. Abin da ya iso teburinsu kaɗan ne, busasshe, an tsinko shi daga inda ba su taɓa zuwa ba. Wanda ya warware ƙullin mutum ne da ya tashi yana ganin furen kowace Satumba, ya je ya koyi ƙa'idojin fannin har ya ƙware, ya dawo ya duba da kyau. Ilimin gida kaɗai da bai isa ya sauya littafin Kew ba, digirin kaɗai ma da bai nuna masa abin da ya gani a tsaunukan ba.

Mu ma muna da irin wannan aikin a gabanmu. Ƙamus ɗin Dalziel ya haura shekara 100. Sunansa ne a bangon littafin, amma sunayen da ke ciki daga bakin mutanenmu aka ji su, manoma da makiyaya da masu magani. Yawancin masu irin wannan sanin a yau tsofaffi ne, kuma dajin da suka koya a cikinsa yana komawa gona da fuloti. Ɗalibin kimiyyar tsirrai da ke jin kamar an jefa shi kwas ɗin da ba shi da gaba, ya sani cewa akwai tambayoyi a bayan garinsu da ba wanda zai iya amsa su daga Landan.

Ga aikin gida. In damina ta zo ƙarshe, ku duba gefen gona da bakin hanya, za ku ga furanni masu ruwan ɗorawa irin na wannan dangin. Ku tsinki ɗaya, ku ƙirga harsunan gefe, ku juya ku ga ko ganyayyakin ƙasan sahu biyu ne, ku murje busasshen kai ku dubi ƙwayar: fukafuki gare ta ko ƙugiya? Sannan ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa sunansa da abin da ake yi da shi. Ku ajiye mana hoton da sunan da garinku a ƙasan wannan rubutun, za mu tattara mu karanto a wani shirin.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san zai ƙaru.